Kawu da Fim ɗin Mai Fito

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya daɗe yana juya injin majigi a wani gidan silima a Gusau. Da aka rufe gidajen silima sai ya tattara ya koma Bungudu, ya kafa 'yar rumfar gyaran rediyo a bakin hanya. Ni ban riski silimar tana aiki ba. Ko da na yi wayo ta zama sito, buhunan taki ake jibgewa a ciki. Amma na san inda ƙofarta take da inda masu gyaɗa suke zama, domin Kawu ba ya hira da mutum bai ja shi can ba.

A duk finafinan da suka bi ta hannunsa akwai guda ɗaya da ya riƙe a ransa. Na Turawa ne, baƙi da fari, labarin wani maye mai shan jinin mutane. Ba wanda ya iya faɗin sunansa na asali, don haka mutanen Gusau suka sa masa Mai Fito. Yadda Kawu ke ba da shi, wani dogon tsoho ne mai malafa yake ƙetarar da mutane wani kogi a kwalekwale, a wata ƙasa mai sanyi. Ba ya karɓar ladan fito. Duk wanda ya shiga zai sauka lafiya, amma daga ranar sai ya fara ramewa, kafin mako ya zagayo an binne shi. Ba a nuna haƙori, ba a nuna jini ko ɗigo. In sun kai tsakiyar kogi sai tsohon ya ajiye gorar tuƙi, ya cire malafarsa a hankali kamar mai shirin gaisuwa, daga nan sai a nuna ruwa kawai yana tafiya. A ƙarshe wata yarinya ta shiga, ya ga zoben marigayiyar matarsa rataye a wuyanta, ya gane jikarsa ce. Ya kai ta gaɓa bai taɓa ta ba, ya koma tsakiyar kogi ya zauna yana jiran fitowar rana, alhali ya san rana ce ajalinsa. Da hantsi kwalekwalen ya dawo gaɓa babu kowa ciki.

Muna yara, in ya kai nan sai mu yi tsit. Na girma ina son labarin nan, amma ban girma ina son mai ba da shi ba.

Kawu yana da baki. Irin mutanen nan ne da in suka ga inda ke maka ciwo, nan za su ɗora yatsa, suna dariya. Ni kuwa sana'ata ce ciwona. Ina da shago a Tsafe, a bakin titin da ya tafi Funtuwa, ina cajin waya ina tura wa mutane finafinai a memori. Da shi nake ci, da shi nake taimakon gida, amma a wurin Kawu wannan ba sana'a ba ce.

Ranar sunan ɗan yayata a Gusau abin ya kai maƙura. Muna zaune a zaure da rana, maza sun cika, har da mahaifin yarinyar da nake nema a lokacin. Dattijon ya tambayi abin da nake yi. Kafin in buɗe baki Kawu ya riga ni.

"Wanga? Kwahe ya iya. Wani ya yi wahala ya yi abu, shi ya danna maɓalli. Ko aku ya hi shi, don aku da bakinshi yake maimaitawa."

Zaure ya ɗauki dariya. Dattijon ma ya murmusa, ya sunkuyar da kai. Ba zan ce wannan ce ta ɓata maganar auren ba, akwai wasu dalilan, amma a lokacin duk a kan Kawu na ɗora.

A wannan zaman ne na lura da wani abu. An kawo fura a ƙwarya, ya miƙa hannu zai ɗauki ludayi sai ya tsoma yatsu cikin furar. Ya yi maza ya janye ya goge a gefen tabarma. Can kuma mijin yayata ya shigo, Kawu ya gaishe shi a matsayin wani, sai da ya ji muryarsa ya gyara. Da muka koma gida na tambayi mahaifiyata. Ta rage murya ta ce yanar ido ce ta rufe masa idanu biyun, haske da inuwa kawai yake gani. Da lalube yake gyaran rediyo, hannunsa ya san hanya. Ya hana a faɗa, domin wa zai kai wa makaho rediyonsa?

Ta faɗa mini ne don in tausaya masa, in daina ƙullatarsa. Ni kuwa na karɓi maganar na adana, kamar wanda aka ba wuƙa.

Bayan wata biyu, cikin finafinan da nake ɗaukowa a wurin wani dila a Gusau, na ci karo da wani sabo. Ina buɗewa na ga kogi, na ga kwalekwale. Ban kai minti goma ba na gane Mai Fito ne aka sake yi.

Sai dai an sake shi ƙwarai. Mai kala ne, hoton tas. Tsohon ya zama saurayi kyakkyawa mai gashi har kafaɗa, kwalekwalen ya samu inji. In sun kai tsakiyar ruwa ba wata malafa da ake cirewa, haƙora ne suke fitowa zaƙo-zaƙo, jini ya yi tsartuwa har jikin gilashin kyamara. Yana tafiya a kan ruwa, yana tsalle ya dira a kan rufin gida. Yarinyar kuma ba jikarsa ba ce, 'yar sanda ce da aka turo bincike, suka ɓige da soyayya. A ƙarshe sojoji suka zo da jirgi mai saukar ungulu suka yi ta ɓarin wuta. Gaskiya ya burge ni. Akwai wurin da aka nuna ƙarƙashin kogin, duk waɗanda ya kashe suna tsaye a jere cikin ruwa idanunsu a buɗe. Sai da tsigar jikina ta tashi da rana tsaka.

Na nuna wa maƙwabcin shagona, wani bakanike mai gyaran babur, abokina ne tun firamare kuma ya san abin da ya faru a zauren suna. Ni na kawo shawarar, ba shi ba. Ina faɗin haka ne domin daga baya na sha ɗora masa.

Na buga wa Kawu waya na ce, "Kawu, albishirinka. Na samo tsohon fim ɗinka. Mai Fito, na asali."

Sai ya ce, "Ƙarya kake."

"Wallahi kogin nan ga shi ina kallo. Amma Turancinsu ya fi ƙarfinmu, samarin nan ba sa ganewa. Ka zo ka fassara mana."

Na zaɓi kalmomin rantsuwata da kyau, don kada ta kama ni. Ranar kasuwa ya zo. Daga Bungudu ya shiga mota zuwa Gusau, ya sake wata zuwa Tsafe, shi kaɗai, da idanun da ba sa gani. Ya sa farar babbar rigarsa ta Juma'a. Da ya sauka na tare shi, ya riƙe hannuna kamar cikin murna, amma na san jagora yake nema. Har tsaraba ya kawo mini, ƙuli-ƙuli a leda.

Akwai rumfar kwano a bayan shagona inda ake kallon ƙwallo. Bayan azahar na tayar da janareta, na kafa talabijin, na ajiye masa kujerar roba a gaba. Mutum wajen talatin suka taru, 'yan acaɓa da masu lodin mota da wasu 'yan kasuwa. Rabinsu na riga na tsegunta musu. Na ce masa sifika ta lalace, babu sauti.

"Bar shi," in ji shi. "Sautin mi? Ni ne sautin."

Na danna. Ya gyara zama, ya ɗaga kai wajen hasken, ya fara.

"To, ku duba da kyau. Wanga kogi da kuke gani, ba a san zurhinshi ba. Ga tsohon can tahe, ku dubi yadda yake tura gora, ba ya gaggawa. Mai jiran abinci ya zo da ƙahwarshi ba ya gaggawa."

A allon kuwa wata mota ce ja take gudu a kan gada, 'yar sandan nan tana waya. Wani ya tuntsire da dariya, na harare shi ya toshe baki. Abokina bakanike ya jingina da ginshiƙi ya ɗaga wayarsa yana ɗauka.

Kawu ya ci gaba. Ban taɓa jin ya ba da labarin da daɗi kamar ranar ba. Yana rage murya inda ya kamata, yana tsayawa, yana kwaikwayon kukan kare a gaɓa. Ya haddace fim ɗin har da tsawon kowane wuri, yana tafiya da shi a kansa kamar mai karatun allo. Da ya zo wurin malafa sai ya ɗaga hannu ya cire hularsa a hankali.

"Kun gani? Ba su nuna komi ba. Ruwa kawai. Nan gwanintar take. Abin da ido bai gani ba shi ke hana barci."

Daidai lokacin saurayin ya cafki wuyan wani mai ƙiba, jini ya wanke allon gaba ɗaya. Rumfa ta fashe. Wani ɗan acaɓa har da faɗowa daga benci yana riƙe ciki. Kawu ya juyo yana murmushi, ya ɗauka daɗin bayaninsa ne.

"Ku yi dariya yanzu," ya ce. "In kun kwanta za ku tuna."

Wani ya ce, "Baba, wace kala ce rigar tsohon?"

"Baƙi da hwari ne, ɗan nan, ina ka ga kala?"

Aka sake kwashewa. Ni ma na yi dariya. Ba ta dole ba, ta gaske, har da hawaye. Na tuna zauren nan na Gusau, na ji wani sanyi yana ratsa ni.

Tsohon fim ɗin gajere ne, sabon ya fi shi tsawo nesa. Kawu ya kai ƙarshen nasa, ya ba da labarin zoben da jikar, ya ce, "Ga kwalekwalen nan ya dawo, ba kowa. Shi ke nan." Ya mayar da hularsa, ya jira a tashi.

Ba wanda ya tashi. Hasken allon ya ci gaba da walƙiya a fuskarsa, ja da rawaya, domin lokacin ne sojoji suka fara ɓarin wuta. Na ga ya karkata kai. Ya daɗe a haka. Dariyar ta fara mutuwa da kanta.

"Ƙara sautin," ya ce.

"Kawu, ai na ce sifikar..."

"Ƙara shi."

Na ƙara. Ƙarar bindiga da ta jirgi suka cika rumfar, mace tana ihu da Turanci. Ya saurara kamar minti ɗaya. Ya miƙe, ya shiga laluben takalmansa da ƙafa, domin ya tuɓe su da zai zauna, wani kuma ya ture su gefe. Mutum talatin suna kallonsa yana shara ƙasa da tafin ƙafa. Ina ganin takalman, taku biyu daga inda nake. Ban motsa ba. Wani dattijo mai sayar da goro ne ya tashi ya ɗauko ya ajiye masa, ya riƙe hannunsa ya fitar da shi. Da suka zo wucewa ta gabana mai goron ya dube ni ya ce, "Allah ya ba ka tsawon rai, yaro." Na san ba addu'ar alheri ba ce.

Da farko ban tura hoton bidiyon ga kowa ba, amma ban ce a goge ba. Kafin kwana uku ya kai Gusau, kafin mako ya kai Bungudu. Wani ya haɗa shi gefe da gefe, ga Kawu yana cire hula, ga jini yana tsartuwa. Mutane suka zo shagona suna tambaya, "Akwai na makahon nan?" Na tura wa wasu. Wannan ma gaskiya ce.

A Bungudu aka daina kai masa rediyo. Waɗanda nasu ke wurinsa suka je suka karɓe, gyararre da wanda ba a gyara ba. In ya fito masallaci sai a sami wanda zai cire hula a hankali a bayansa, na kusa su yi ta ƙyaƙyatawa, shi yana jin dariyar bai san dalili ba. Ya rufe rumfar ya koma zaman gida.

Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba. Da na shiga gaishe ta sai ta ce, "Ni na ba ka. Da bakina na ba ka." Ta juya ta ci gaba da tankaɗe. Wata uku tana amsa gaisuwata da kalma ɗaya.

Abu ɗaya ya fito daga ciki wanda wasu suka kira alheri. Tunda asiri ya tonu, 'ya'yansa suka kai shi asibiti a Gusau aka kankare masa yanar. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan ya riga ya mutu. Abokina bakanike har cewa ya yi, "Ka ga, ai taimakonsa muka yi." Na so in yarda.

Sai bayan shekara na samo tsohon fim ɗin na gaske, wani ya ɗora shi a intanet, hoton duk zane-zane. Na rufe shago da hantsi na kalle shi ni kaɗai. Komai yana nan yadda Kawu ya faɗa, gorar, karen, malafar, ruwan. Yana da jan jiki, akwai inda za ka gane a tafki aka ɗauka, duwatsun baya kuma zane ne a ƙyalle. Amma tsohon nan in ya dubi wanda ya shigo kwalekwalensa, kallon tausayi yake masa, irin na mahauci ga ragon da ya yi kiwo da hannunsa. Saurayin sabon fim ɗin, da duk haƙoransa, bai da wannan kallon.

Sai ƙarshen ya zo, na ga abin da ban zata ba. Babu zobe, babu jika. Mutanen gari ne suka taru da sanduna suka jawo tsohon daga kwalekwale, suka danne shi a cikin taɓo suka kafa masa tsinin itace a ƙirji, yana kuka kamar akuya. Aka rubuta ƙarshe.

Na ɗauki kwamfutata na tafi Bungudu. Na gaya wa kaina haƙuri zan ba shi, in kai masa abin da na yi masa ƙaryarsa. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ya rame, da tabarau mai kauri. Ya amsa sallamata. Na durƙusa na faɗi abin da na tsara a mota. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce, "Kunna."

Ya matso da idonsa mai gani dab da allon. Har aka kusa ƙarewa leɓɓansa kawai ke motsi. Da mutanen gari suka fito da sanduna sai na ga ya ja baya. Ya kalli yadda aka danne tsohon har aka gama.

"Ashe haka suka yi mishi," ya ce.

"Kawu, ba ka taɓa gani ba?"

"Hwaihwai huɗu ke ɗauke da shi. Uku suka iso Gusau, na ƙarshen ya ɓace a hanya. Mutane sun cika gida, in ce musu mi? Sai na kashe inji na ɗauki lasifika na ƙarasa musu da baki. Mako biyu muna nuna shi haka, ba wanda ya yi ƙorahi." Ya cire tabarau ya goge. "Har na manta ni na yi shi."

Ya ce in sa masa sabon, ya ga abin da aka yi masa dariya a kai. Ya kalli kamar rabin sa'a, ina tsallake masa wurare. Wurin matattun nan da ke tsaye a ƙarƙashin ruwa ya sa na maimaita sau biyu.

"Wanga wuri sun iya," ya ce. "Da mun samu irinshi da an suma a silima. Sauran kuwa, sun ba shi haƙora sun raba shi da kunya. Maye marar kunya ai kare ne, jihwa ake yi a wuce." Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Na da ɗin ma ba su san abin da ke hannunsu ba. Su duka biyun ba su iya ƙarasawa ba."

Na ji daɗin yadda yake magana, na ɗauka mun shirya. Har na fara cewa nasa ƙarshen ya fi duka. Ya katse ni.

"Tsaya. Waccan rana ka nuna wa duniya ba ni gani. Yau kuma ka biyo ni har gida ka nuna mini ƙarya nake yi. Saura mi?"

"Kawu, wallahi ba don haka na zo ba."

"Ka kalle shi kahin ka taho?"

"Na kalla."

"Har ƙarshe?"

Tun a mota na san akwai wani ɓangare na zuciyata da ke ɗokin ganin fuskarsa a daidai wurin nan. Da na so, da na tsayar da fim ɗin kafin a kai, ko in faɗa masa tun farko.

"Ɗauki kayanka," ya ce. "Ka gaida uwarka."

Ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa kada ta wahalar da kanta da abinci, baƙon tafiya zai yi.

Yana nan da ransa. Bai sake buɗe rumfar ba, ɗansa na biyu ne ya mayar da ita wurin sayar da man fetur a kwalba. Nakan je gaisuwar Salla tare da 'yan'uwa, ya amsa mini kamar yadda yake amsa wa kowa, ya tambayi kasuwa, in ce alhamdu lillahi. Bai ƙara yi mini ba'a ba ko sau ɗaya, kuma ban taɓa zaton zan yi kewar hakan ba. Yayata ta ce a hutun bara 'ya'yanta sun kewaye shi suna roƙon ya ba su labarin Mai Fito, domin ta sha ba su guntu-guntu. Ya ce musu ya manta, su je Tsafe wurin kawunsu, shi ke da na gaskiya.